Garin da Malamin Wasanni Yake da Daraja: Abin da Na Gani a Texas

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Da yawanku kun san shekara uku ke nan ina tuƙa motar makaranta a wani gari da ke gefen Dallas, irin doguwar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa. Aikin safe da yamma ne, a ɗauko yara a mai da yara. Sai bara na sa sunana cikin direbobin da ke kai 'yan wasa wasan waje ranar Juma'a, don neman ƙarin awowi kawai. Ƙwallon Amurka har yau bai gama shiga raina ba. Ya fi kama da zari-ruga, ana rungume ƙwallon da hannu, a yi karo, a tsaya, a sake jeruwa. Amma abin da na gani a fitata ta farko ya hana ni barci, kuma tun lokacin nake son in ba ku labari.

Mun taso bayan La'asar. Bas uku na 'yan wasa, wasu da dama na 'yan badujala, sai babbar motar kaya a baya. Wani mutum ya shigo motata da gajeren wando da hular hana-salla, rungume da fayil, ya zauna a kujerar da ke bayana. Na gaishe shi sama-sama. A raina na ce malamin wasanni ne, kuma kun san yadda muka taso muna kallon malamin wasanni.

Garin Allen muka nufa. Tun daga nesa na hango dogayen fitilu da wani gini mai hawa-hawa, na ɗauka filin wata babbar ƙungiya ce za mu wuce. Sai na ga motar gaba ta sa sigina ta shiga. Jama'a, filin makarantar sakandare guda ɗaya ne. Yana ɗaukar mutum 18,000, an buɗe shi a 2012 a kan kuɗi kusan dala miliyan 60. Ku kwatanta shi da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, sannan ku tuna cewa masu wasa a ciki yara ne 'yan shekara 16 da 17, waɗanda da safen nan suna aji suna rubuta jarrabawar lissafi. Ga ƙaton allon talabijin a ƙarshen fili, ga motar asibiti a tsaye da ma'aikatanta tun kafin a busa usur, ga 'yan sanda suna ba da hannu. 'Yan badujalar makarantar su kaɗai ɗaruruwa ne, da suka fito sai da suka rufe filin kaf. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo a keken jarirai, kowa sanye da kalar makaranta. Wasu ba su da ɗa ko jika a wurin, garinsu ne kawai ke wasa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ake gaishe da kociyoyi. Na ga dattijo mai furfura ya miƙe tsaye don babban koci ya zo wucewa. A nan kalmar koci laƙabi ce, kamar yadda muke cewa Malam ko Likita, kuma mutum yana tafiya da ita har bayan ya yi ritaya. Mutumin nan da na raina a mota kuwa, yara suna kewaye da shi sun yi tsit, ya durƙusa a gabansu yana zane a wani ɗan allo. An ci mu a daren, ci mai yawa. Da muka koma mota babu yaron da ya zagi alƙalin wasa, babu wanda ya jefi kowa. Sai da ya bi layi ya dafa kafaɗar kowane ɗaya kafin ya zauna.

A hanyar dawowa yara suka yi barci, muka shiga hira. Ashe ba ɗan Texas ba ne, daga Fulorida ya taso da iyalinsa. Na tambaye shi me ya raba shi da bakin teku ya kawo shi wannan zafi. Ya ce a can ma akwai yara masu baiwa, watakila babu inda ya fi su gudu, amma aikin koci ɗan alawus ake ɗora wa malami a kan albashinsa, 'yan dubban daloli a shekara. In ka raba da awowin da kake kashewa daga bazara zuwa hunturu, mai soya dankali a gidan abinci ya fi ka samu. Shi ya sa abokan aikinsa da yawa suka tsallaka Jojiya, inda garuruwan kudancin jihar ke biyan babban koci kuɗi na gaske, wasu kuma suka yo nan. Ya ce in ka tara kociyoyin sakandare na Amurka ka ce kowa ya zaɓi inda zai zauna ya yi aiki, za ka ji masu son Kalifoniya saboda daɗin iska, sai dai tsadar gida ta kore su, kuma da yawan masu horarwa a can ba ma'aikatan makarantar ba ne, sai sun tashi daga wani aiki suke zuwa fili. Za ka ji masu ambaton Ohio da Alabama saboda son wasan. Amma hira duk inda ta zaga, Texas take dawowa.

Daga baya na fahimci dalili, kuma ba girman fili ba ne kawai. Hukumar da ke kula da gasannin makarantun gwamnati a jihar, wadda ake kira UIL, tana ƙarƙashin Jami'ar Texas da ke Austin, ta kuma haura shekara 100 da kafuwa. Dokarta ce koci ya zama cikakken ma'aikacin hukumar makarantun yankin. Wato yana da albashi, da inshorar lafiya, da fanshon malamai. Mataimakan koci suna koyar da tarihi ko lissafi ko kimiyya da safe, abokin hirata shi tarihi yake koyarwa. An kuma ware wa wasanni darasi guda a cikin jadawalin yini, don haka koci yana ganin yaransa kullum, shekara a zagaye, ba sai kaka ta zo ba. A manyan makarantu babban koci shi ne yawanci shugaban sashen wasanni gaba ɗaya, kuma da yawansu albashinsu ya haura dala 100,000 a shekara. Jihar ba ta cire harajin albashi. Suna da ƙungiyarsu da ke taro duk watan Yuli, dubban kociyoyi su hallara suna koyon sana'a daga juna. Sana'a ce sosai, da tsani: ka fara da horar da 'yan ƙaramar sakandare, ka hau mataimaki, ka hau mai tsara hari ko tsaro, wata rana ka riƙe makaranta.

Sannan akwai abin da kowa ke mafarki. Wasannin ƙarshe na jiha ana yin su ne a watan Disamba a filin AT&T da ke Arlington, gidan ƙungiyar ƙwararru ta Dallas Cowboys. A 2013 mutum 54,347 ne suka shiga kallon Allen da Pearland. Yaron da ya jagoranci Allen a lokacin, Kyler Murray, wasa 42 aka fara da shi bai sha kashi ko sau ɗaya ba, ya ci kofin jiha uku a jere, kuma a 2019 shi aka fara zaɓa a duk ƙasar zuwa gasar ƙwararru.

Wani abu da na so ƙwarai iyaye a gida su ji: tun 1984 akwai doka a Texas cewa wanda bai ci darasi ba, ba zai yi wasa ba. Yaro ya kasa samun maki 70 a darasi ɗaya tak, to zai zauna a benci na makonni, ko da shi ne tauraron gari. Na sha ganin koci tsaye a ƙofar aji yana tambayar malamar Turanci labarin wani yaro. Mu kuwa mun raba abin gida biyu, ko dai ɗan boko ko ɗan ƙwallo, kuma uba in ya ga ɗansa da takalmin ƙwallo sai ya fara salati.

Kada ku ɗauka komai zuma ne. Kuɗin nan daga aljihunmu yake fita. Jihar da ba ta cire harajin albashi tana ramawa a harajin gida, kuma kaso mafi tsoka na makarantu ne. Mu 'yan haya ma ba mu tsira ba, duk shekara sai mai gida ya ƙara, ya ce haraji ne. Filayen nan bashi ake ci a gina su bayan mutanen gari sun kaɗa ƙuri'a sun amince. Na Allen yana cikin wani bashi na dala miliyan 119 da aka amince da shi a 2009, kuma bai cika shekara biyu da buɗewa ba aka rufe shi saboda siminti ya tsattsage, sai 2015 aka dawo. Hakan bai hana maƙwabta gasa ba. Katy, kusa da Houston, ta buɗe nata a 2017, McKinney a 2018, kowanne wajen dala miliyan 70. Wallahi wani lokaci abin yana ba ni haushi, in na tuna malaman aji da ke sayen alli da takarda da kuɗinsu, da mu direbobi da ake ƙirga mana mintoci. Amma ko a cikin haushin akwai abin da nake hassada: an tambayi mutanen gari, sun ce e, kuma ginin yana nan tsaye kowa na gani. Da ya tsage, an gyara.

Ga zafi. A watan Agusta ake fara atisaye, rana tana kai maki 40, yara cikin hular kwano da sulken kafaɗa. Ni ɗan Arewa ne, na san zafin Afrilu, amma namu busasshe ne, wannan kuwa gumi yake jiƙa ka tun kafin ka tayar da mota. Ga rauni, musamman buguwar kai, wanda yanzu iyaye da dama suke tsoro, ni ma da ɗana ya nemi shiga sai da muka yi doguwar magana da mahaifiyarsa. Kociyoyin kuma ba su da Asabar, safiya suke zaune suna kallon bidiyon wasan jiya, Lahadi da yamma su dawo tsara na gaba. Darajar nan da ake ba su tana da wuƙa a bayanta. Garin da ya miƙe maka tsaye shi ne zai nemi a canza ka in ka yi kaka biyu kana faɗuwa. Abokina ya ce gida huɗu 'yarsa ta zauna kafin ta gama firamare.

Ita kanta Juma'ar takan sa ni kewa. A nan in ka ce Juma'a, fitilun fili mutane ke tunawa. Ni kuwa ina sallame sallah a masallaci nake duba agogo, in fita da sauri kafin a gama gaisawa, don ƙarfe biyu da rabi dole ina bakin motata. Babu zaman majalisa, babu fura, babu zagaya dangi. Sai ga ni ƙarfe goma sha biyun dare ina share ɓawon ayaba da robobin ruwa a cikin bas, ina tuna yadda unguwarmu take yin tsit da ƙamshin turare bayan an sauko.

Abin da ya ba ni mamaki, shi abokin nawa ba babban fili yake buri ba. Yana son ƙaramin gari a yammacin jihar, irin waɗanda makarantarsu ɗalibai ba su wuce ɗari ba, har wasan ma mutum shida-shida ake yi maimakon sha ɗaya. A can koci shi ke yanke ciyawa, shi ke wanke riguna, shi ke tuƙa bas da kansa. Ya ce amma zai san uban kowane yaro da kakansa, kuma in ya shiga shago za a kira shi koci.

Da ya faɗi haka sai malaminmu na wasanni ya faɗo mini. Mutum ne dogo, usur ɗinsa a wuya da igiyar takalmi. Ƙwallo ɗaya makarantar take da shi, in ya fashe shi ke kai wa mai faci da kuɗinsa. Da toka yake zana layin fili. Sauran malamai suna ce masa malamin tsalle-tsalle, a gabanmu, mu ma muna dariya, Allah Ya yafe mana. Sau ɗaya a shekara ake tunawa da shi, ranar gasar gidaje, a kafa rumfa, babban baƙo ya makara awa biyu yara na tsaye a rana, a yi jawabai, a watse. A ajinmu akwai yaron da babu mai kama shi a gudu, ba takalmi, malam ya yi ta yawo da sunansa ofis-ofis har ya gaji. Mun iya cika gidan kallo mu yi ta musu a kan kocin Arsenal da na Madrid har tsakar dare, mun san albashinsu da sunayen matansu, amma wanda ke horar da 'ya'yanmu a bayan gida ba mu san ko ya karya ba. Filin makarantar ma, na ji an yanka gefensa an yi shaguna.

A ƙarshen kakar bara na roƙi abokina tsofaffin kaya. Ya haɗa ni da kocin ƙwallon ƙafa irin tamu, wanda ya ba ni ƙwallaye goma sha biyu da raga biyu da riguna, duk da sauransu, don kawai sun sayi sababbi. Na biya kuɗin kaya na aika wa ƙanena ya kai tsohuwar makarantarmu, na ce ya nemo mini malam kuma. Ya same shi, ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida. Muka yi magana a waya, ya gane ni da na ambaci gidanmu na gasa, har ya tuna ni ne nake yawan faɗuwa a tseren buhu. Na gaya masa abin da na gani a Allen, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ciyawar filin ta gaske ce.

Watan jiya ƙanena ya sake leƙawa makarantar. Ƙwallayen suna nan a cikin kwalinsu, an kulle a sito, an ce sai ranar gasar gidaje za a fito da su. Yaran suna waje suna buga wata tsohuwa da aka ɗaure da tsumma.