Gidan tarihin Aguinaldo a Kawit: abin da mai ziyara zai samu

Duk mai son sanin Emilio Aguinaldo, shugaban ƙasar Filifin na farko, gidansa da ke garin Kawit a lardin Cavite ne wurin farawa. A nan aka haife shi ranar 22 ga Maris, 1869, a nan aka ayyana 'yancin kai daga Sifaniya ranar 12 ga Yuni, 1898, kuma kabarinsa na lambun bayan gidan. Shi ya miƙa wa gwamnati gidan a 1963, ya rasu a Fabrairun 1964 yana da shekara 94. Hukumar tarihi ta ƙasa, NHCP, ke kula da shi. Shiga kyauta ce, amma ba a buɗewa ranar Litinin. Daga Manila babbar hanyar CAVITEX ake bi, kuma gara a yi sammako, domin cunkoson yamma na iya ninka tafiyar.

Ƙasan gidan an mai da shi ɗakin baje kaya: tufafin soja, makamai, hotuna da takardun zamanin juyin juya hali. An tsara su da kyau, sai dai ba su ne abin tsayawa ba. Benen sama ne ke da daɗin kallo. Aguinaldo da kansa ya jagoranci faɗaɗa gidan daga 1919, ya cika shi da alamun ƙasa. A ɗakin cin abinci ka ɗaga kai, za ka ga taswirar tsibiran Filifin a jikin silin. Akwai ƙofofin sirri da maɓoyar takardu a cikin kayan katako, irin waɗanda ido ba ya kamawa sai an nuna maka, don haka ka bi ɗan jagora, kada ka zaga kai kaɗai. Matakalar hasumiya matsattsiya ce, ba kullum ake barin mutane su hau ba, kuma za ta ba tsofaffi wuya.

Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne barandar gaba. Kowa na ɗaukar hotonta a matsayin inda aka ɗaga tuta a 1898, alhali babu ita a lokacin. Daga baya aka gina ta. Ta taga aka yi shelar. Ambrosio Rianzares Bautista ne ya karanta takardar, aka buɗe tutar da Marcela Agoncillo da mata biyu suka ɗinka a Hong Kong, aka busa kiɗan da Julian Felipe ya tsara, wanda ya zama taken ƙasa. Ya kamata a ce wannan shi ne abu na farko da ake faɗa wa kowa a bakin ƙofa.

Raunin wurin ya fito ne daga asalinsa: gida ne da mai shi ya ƙawata don a tuna da shi, saboda haka ɓangarensa za ka fi ji. Amma rayuwar Aguinaldo ba ta cika sai da Andres Bonifacio, jagoran Katipunan, ƙungiyar sirri da ta fara juyin juya hali kan mulkin Sifaniya. A taron Tejeros na Maris 1897 aka zaɓi Aguinaldo shugaban gwamnatin juyin juya hali, Bonifacio ya ƙi amincewa, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka kashe shi tare da ɗan'uwansa Procopio ranar 10 ga Mayu, 1897. Har yau maganar na raba kan 'yan ƙasar. Gidan da aka yi shari'ar yana nan a Maragondon, cikin lardin Cavite ɗin, shi ma gidan tarihi ne. Ka ba Kawit awa biyu da safe, ka wuce can da rana. Ranar 12 ga Yuni kuwa bikin ɗaga tuta ake yi, wurin ya cika maƙil, wanda ya zo duba kaya a natse ya zaɓi wata rana.