Cin abinci a Fredericksburg: an ba mu tabbaci, aka kawo mana naman alade

Na rubuta wannan sharhi ne domin 'yan'uwa Musulmi mazauna Texas, da masu zuwa ziyara, waɗanda wata rana wani zai ba su shawarar su je Fredericksburg su ɗanɗana abincin Jamusawa. Garin ya cancanci a ziyarce shi, kuma abincin da muka ci daga ƙarshe yana cikin mafi daɗin da na ci tun zuwana Amurka, amma abin da ya faru kafin mu kai ga wannan abincin ya ɓata mini rai ƙwarai, har yanzu kuma idan na tuna sai in ji ban huce ba.

Surukina ne ya zo daga Kano domin ya duba 'yarsa da jikokinsa, kuma da yake tsohon malamin tarihi ne, na ga babu inda ya fi dacewa a kai shi kamar wannan ɗan gari da ke cikin tuddai a arewacin San Antonio. Jamusawa 'yan ƙaura ne suka kafa shi a 1846 ƙarƙashin jagorancin John Meusebach, suka raɗa masa sunan Yarima Frederick na Prussia, kuma har yau gine-ginensu na farin dutse suna tsaye a gefen babban titin nan mai faɗi. Mun shafe hantsi muna zagayawa. Baba ya daɗe a gaban Vereins Kirche, cocin farko na garin, ginin nan mai kusurwa takwas da aka sake ginawa a 1935 a kan fasalin na farko, ya kuma yi sha'awar ƙananan gidajen da manoma suka gina domin su shigo gari ranar Asabar su yi cefane, su kwana, su halarci coci ranar Lahadi sannan su koma gona. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yarjejeniyar zaman lafiya da mazauna garin suka ƙulla da 'yan ƙabilar Comanche, 'yan asalin yankin, a 1847, wadda mutanen wurin ke alfahari da cewa ba a taɓa karya ta ba. Da wannan farin cikin muka shiga ɗaya daga cikin gidajen abincin Jamusawa da ke kan babban titi, kuma ba zan ambaci sunansa ba.

Ranar Asabar ce, wurin cike yake maƙil, aka rubuta sunanmu aka ce mu jira. Jiran ya yi tsawo fiye da yadda aka faɗa mana, yara suka fara ƙosawa, amma ban riƙe wannan a raina ba, domin wanda ya zo garin 'yan yawon buɗe ido a ƙarshen mako ya san abin da zai tarar.

Ina so a fahimce ni da kyau a kan abu ɗaya. Ban shiga gidan abincin Jamusawa ina tsammanin ba zan ga alade ba. Kakannin waɗannan mutane da kiwon alade suka rayu, suna yanka shi lokacin sanyi, su cusa naman a hanji su bushe shi da hayaƙi, su narka kitsen su ajiye domin girkin shekara, a zamanin da babu firiji. Abincinsu ne na gado, kuma ba ni da ikon cewa su sauya shi saboda ni. Haƙƙina ɗaya ne kawai, wato idan na yi tambaya a ba ni amsar gaskiya. Saboda haka da ma'aikaciyar ta zo, wata matashiya ce mai fara'a, na yi mata bayani dalla-dalla cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade, ba ma cin abin da aka dafa da kitsensa, ba ma cin abin da aka zuba wa giya, kuma na roƙe ta idan ba ta da tabbas ta shiga kicin ta tambaya, za mu jira. Domin mu kauce wa shakka a kan yanka ma, muka bar nama gaba ɗaya, muka zaɓi kifi. A kan abubuwan da ake haɗawa da kifin ne na sake tambaya, wato dankalin Turawa mai ɗumi da suke kwaɗawa da ruwan tsami, da jan kabeji da suke dafawa da tuffa. Ba ta ko yi jinkiri ba, ta ce kayan lambu ne zalla, babu nama a ciki, mu kwantar da hankalinmu. Na maimaita tambayar, ta maimaita amsar tana murmushi. Ban ga ta nufi kicin ba.

Aka kawo farantai. Kifin ya yi kyau a ido, ga lemon tsami a gefe, ga dankalin yana tururi, an yayyanka shi fale-fale, yana sheƙi, da ɗan koren ganye a sama. Baba ya yi bisimilla ya kai cokali, ya riga ya ɗaga lomar farko, sai maiɗakina, wadda ke gyara wa ƙaramar 'yarmu nata, ta ce da sauri, “Baba, dakata!” Ta juya dankalin da cokali mai yatsu, sai ga wasu ƙananan gutsattsari jajaye masu duhu, soyayyu ƙayau, sun maƙale tsakanin yankakken dankalin. Na ɗauko ɗaya na ɗora a kan farar takardar goge hannu, nan take ya bar tabon maiƙo. Soyayyen naman alade ne mai hayaƙi, kuma sheƙin da na gani a kan dankalin kitsensa ne, domin da shi ake haɗa ruwan kwaɗon. Babban ɗanmu kuwa ya riga ya ci loma biyu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ajiye cokalin a hankali, ya ce “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya jawo yaron kusa da shi yana ce masa babu laifi a kansa tunda bai sani ba, sannan ya ba shi ruwa ya kurkure bakinsa. Wannan natsuwar tasa ita ta fi ƙona mini rai. Dattijon da ya yi tafiya mai nisa irin wannan, wanda ya ɗauki 'yarsa ya ba ni amana, ga shi na zaunar da shi a gaban farantin haram bayan na ce masa, “Baba, na tambaya, babu komai.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk wanda ya san matsayin suruki a wurinmu zai gane cewa ba maganar faranti ɗaya ake yi ba.

Na kira ma'aikaciyar na nuna mata. Ta yi mamaki na gaske, ta ce ba ta ɗauki waɗannan gutsattsarin a matsayin nama ba, a ganinta kayan ƙamshi ne kawai da ake barbaɗawa. Na yarda ba da gangan ta yi ba, amma abin da na roƙe ta tun farko shi ne ta tambaya, kuma kicin ɗin bai fi 'yan taku ba daga teburinmu. Da na nemi ganin manaja, sai abin ya ƙara lalacewa. Mutumin ya zo yana duba wasu teburan a kan kafaɗata, ya saurare ni rabi da rabi, sannan ya ce za a iya tsince gutsattsarin a ture su gefe, ko a kawo mana soyayyen dankali a madadinsa. Na yi masa bayanin cewa kitsen ya riga ya ratsa abincin, har ya gangara ƙarƙashin kifin, kuma ban san a wane mai ake soya dankalin nasa ba. Ya ce haka ake dafa wannan dankalin tun kaka da kakanni. Na san haka, kuma ba shi na zo ƙalubalanta ba. Da a ce na gaya masa yaron nan gyaɗa ce ba ta karɓe shi ba, na tabbata da gudu zai shiga kicin, domin ya san abin da zai biyo baya. Amma da yake maganar addini ce, sai ya ɗauke ta a matsayin tsirfa. A wannan lokacin na yanke shawarar mu tashi.

Muna haɗa kayan yara sai ga wata dattijuwa ta fito daga kicin, da rigar girki a jikinta da gari a hannunta. Ashe ma'aikaciyar ce ta shiga ta ba ta labari. Ba ta tsaya wajen manaja ba, ta zo kai tsaye gaban Baba, domin ta lura shi ne babba, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ni kuma ina fassara masa. Daga nan ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki takardar abincin ta bi ta layi bayan layi tana gaya mana gaskiyar abin da ke cikin kowane girki. Jan kabejin da aka ba mu tabbaci a kansa, ta ce da kitsen alade take fara soya albasarsa. Kabejin nan mai tsami da suke kira sauerkraut, ana dafa shi tare da nama. Naman sa da ake kira sauerbraten, ana jiƙa shi kwanaki cikin ruwan tsami da giyar inabi. Miyar cukun da ake tsoma burodi a ciki, akwai giya a cikinta. Man da ake soya dankali kuwa shi ne ake soya schnitzel na alade, wato yankan nama fale-fale da ake shafa wa garin burodi. Cikin 'yan mintuna ta faɗa mini abin da da na ji shi tun farko da babu wanda ransa zai ɓaci.

Sannan ta ce idan za mu ba ta dama, za ta dafa mana da hannunta a sabon kasko da man shanu. Na dubi Baba, ya ce, “Wadda ta fito ta faɗi gaskiya ba a juya mata baya, mu zauna.” Abin da ta kawo ya wanke mana zuciya. Akwai spätzle, wata taliya ce gajera mai laushi da ake kwaɓawa da ƙwai, ta lulluɓe ta da narkakken cuku da soyayyar albasa mai zaƙi, kowace loma sai cukun ya yi zare. Akwai wainar gurzajjen dankali, gefenta ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta kuma da taushi, ana ci da markaɗaɗɗiyar tuffa, haɗin da ban taɓa zaton zai yi daɗi ba sai da na ɗanɗana. Ta sake gasa sabon kifi, ta haɗa da kwaɗon kokwamba mai sanyi. Baba, wanda abincin Turawa bai cika burge shi ba, ya cinye nasa tas, ya ce wannan hannun mai girki ne na gaske. A ƙarshe ta aiko da wani zaƙi da aka gasa da 'ya'yan itacen peach, wanda gonakin yankin suka yi suna da shi, tare da saƙon cewa da man shanu aka yi ɓawonsa. A wannan lokacin da an tambaye ni, da na ce gidan abincin ya fanshi kansa, har na fara tsara yadda zan yaba shi.

Takardar kuɗi ce ta dawo da ni baya. An caje mu kifin farko da ba mu ci ba, an caje mu abincin da dattijuwar ta dafa, sannan aka ɗora tukuicin ma'aikata na dole a kan jimillar duka biyun, saboda yawanmu ya kai adadin da suke ƙara shi da kansu. Wato ana so in biya kuɗin abincin da aka ɓata mana, har in ba da tukuici a kansa. Na koma wurin manajan. Ya ce kifin an riga an dafa shi, dankali ne kawai zai iya cirewa. Sai da na tsaya a gaban teburin karɓar kuɗi ina maimaita bayanin da na riga na yi masa, mutane suna wucewa suna kallo, Baba yana jira a bakin ƙofa da yara, sannan ya cire farantan farko, yana yi yana nuna alfarma yake mini. Bai ce a yi haƙuri ba ko sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Tukuicin kuwa na roƙi ma'aikaciyar ta kai wa mai girkin rabonta hannu da hannu, ita kuma ban hana ta nata ba, domin aƙalla ta ji kunyar kuskurenta ta nemo mai gyarawa.

Abin da ya dame ni shi ne, duk alherin da muka gani a wurin ya rataya ne a kan mutum ɗaya. Da ranar hutunta ce, ko da aiki ya hana ta fitowa, da mun tashi da yunwa da baƙin ciki, da kuma takardar kuɗin abin da ba mu ci ba. Gidan abincin da ke karɓar baƙi daga ko'ina a duniya ya kamata ma'aikatansa su san cewa akwai alade a cikin dankalinsu, domin ba Musulmi kaɗai wannan ya shafa ba, akwai Yahudawa, akwai kuma masu ƙin nama baki ɗaya. Layi ɗaya a takardar abincin ya isa ya magance matsalar.

Ga wanda zai je, kada ya tsaya a kan tambayar ko akwai nama a cikin abinci, domin a nan aka kayar da mu. Ya tambayi da wane mai ko kitse aka dafa, ya tambayi ko kasko ɗaya ne, ya tambayi giya a cikin miya da kayan zaƙi, kuma ya nace amsar ta fito daga bakin mai girki. Ya fi kyau ya je a tsakiyar mako, lokacin da kicin ke da sararin sauraronsa, ya kuma duba takardar kuɗi kafin ya miƙa kati. Fredericksburg zan koma in Allah ya yarda, domin ba mu samu shiga gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ke ɗauke da tarihin Admiral Chester Nimitz ba, babban kwamandan sojojin ruwan Amurka wanda aka haifa a garin a 1885, kuma Baba ya ce sai an kai shi kafin ya koma gida. Amma wannan gidan abincin ba zan sake zaunar da surukina a cikinsa ba, sai dai in na kira tukuna aka tabbatar mini dattijuwar nan tana kicin.