Wayarin kafin sifika: yadda ake ƙara wa a-kori-kura wuta a Teksas

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin wayarin na Ƙofar Ruwa da Panteka. Ga bayanin yadda ake shirya wutar mota a nan Teksas idan za a ɗora mata kayan sauti masu nauyi.

A-kori-kura a nan motar kowa ce, Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram. Hilux ba a sayar da ita a Amurka, sai 'yar uwarta Tacoma. Mai shagon sauti na ƙwarai ba zai fara nuna maka sifika ba, sai ya tambayi amfiya nawa altanetarka take bayarwa, sannan ya ɗauki biro. Amfilifaya mai wat 2,000 na gaskiya, wato wanda aka rubuta RMS, tana asarar kusan kashi 20 cikin ɗari a zafi ko da ta zamani ce. A raba 2,000 da bolt 13.8 na wutar mota, a sake rabawa da 0.8 saboda waccan asara, za a samu amfiya 180 da 'yan kai. Motar kanta, da AC da fitilu da fanka, tana cin nata rabon. Altanetar da ta zo daga kamfani ba a yi ta don wannan kaya ba, shi ya sa fitila ke lumshewa duk lokacin da bas ya buga. Lambar PMPO, wato wat na talla da ake dankara wa kwalaye a kasuwanninmu kuwa ba a lissafi da ita.

Aikin farko wayoyi uku ne, kuma shi ya fi arha. Ɗaya daga altaneta zuwa kan batir mai alamar tarawa, ɗaya daga ɗaya kan batirin zuwa shasi, ta uku daga jikin inji zuwa shasi. Kaurin da ake sa wa shi ake kira 1/0, kimanin murabba'in milimita 53. Ba a cire tsofaffin wayoyin, ana dai ƙara sababbi a gefensu. A kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a matse kan waya da injin matsa, ba da guduma ba, a ɗaure tamau. Fiyus kuma kada ya yi nesa da batir fiye da santimita 45, na amfiya 250 zuwa 300 ga waya mai wannan kauri. Waya yake karewa, ba amfilifaya ba. Wayar da ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus, gobara ce.

A kan waya ne na fi ganin bambancin kasuwa. A nan ana rubuta wa naɗin waya ko OFC, jan ƙarfe zalla, ko CCA, alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi da nisa, amma abin da yake ɗauka bai wuce kashi biyu cikin uku na na farkon ba, kuma yana rubewa a bakin mahaɗa idan danshi ya shiga. A gida sau da yawa babu rubutun, roba ce mai kauri waya 'yar siririya a ciki. A yanka a duba: idan bakin yankan ya yi fari, alminiyam ne. A ɗaga kuma a ji nauyi. Ni a ganina kada kowa ya ɓata kuɗin jirgi wajen kawo waya daga nan, domin kebul ɗin walda mai murabba'in milimita 50 ko 70 da ke kasuwanninmu yana yin aikin, har a nan ma masu hankali shi suke saye.

Motocin zamani suna da tarko. Ford tana da na'urar auna wuta a kan batir na at, wato mai alamar ɗebewa, GM mai ƙera Chevrolet kuma tana da zobe da wayar at take ratsawa ta ciki. Idan sabuwar waya ta kewaye na'urar, kwamfutar motar za ta yi kuskuren lissafi ta rage caji. A Ford a haɗa bayan na'urar, a GM a zura wayar ta cikin zoben. Sannan F-150 daga 2015 gangar jikinta alminiyam ce, sai a kai at kan shasin ƙarfe. Masu karɓar 'yan Kwatano su riƙe wannan.

Altaneta mai ƙarfi, irin ta kamfanin Mechman ko DC Power, ana odarta ne da shekarar mota da girman inji, ta zo ta zauna daidai ramin kusoshi. Akwai mai amfiya 250, akwai mai sama da 300, kuɗin kuma ɗaruruwan daloli ne. Lambar da ya kamata a tambaya ita ce abin da take bayarwa a silo, bayan ta yi zafi, tunda zafin birnin Hustan na nan Teksas a watan Agusta ba ya jin kunyar na Sakkwato. Yawancinsu suna zuwa da ƙaramin fuli, sai an sa fambel mai ɗan gajarta, in ba haka ba ya riƙa zamewa yana kuka yana zubar da baƙar ƙura. Mai Hilux ya auna mazauni da soket sosai kafin ya aiko a saya masa.

Batir na biyu, AGM ake sawa, wato rufaffen batir da ba a zuba masa ruwa, irin XS Power ko Odyssey, da fiyus a kowane ƙarshen wayar da ta haɗa su. Kada a gama sabon AGM da tsohon batir mai ruwa kai tsaye, ɗaya zai riƙa shanye ɗaya cikin dare. Kafasita, na'urar da ke ajiye 'yar wuta na ɗan lokaci, mai farad ɗaya kwalliya ce kawai, ba ta haifar da wuta.

Wajen hidima, shagunan kayan mota na AutoZone da O'Reilly suna gwada batir da altaneta kyauta, kaya kuma suna da garanti. Amma kuɗin hannu a shago yakan haura dala 100 a awa guda, shi ya sa mutane ke kwanciya ƙarƙashin motarsu ranar Asabar. Ku kuna da hannu, abin da ya rage shi ne awo. Bayan an gama, a tayar da mota, a kunna AC da fitilu, a ƙure sauti, a ɗora mita a bakin amfilifaya. Idan ta tsaya a bolt 13.5 zuwa 14.4, madalla. Idan tana faɗowa ƙasa da 12.5, a rage sauti a koma kan mahaɗar at, sannan a duba fambel.