Rinse FM a kunnen mai saka kiɗan biki na Damagaram

Sana'ata saka kiɗa a wurin biki. Sifika huɗu gare ni, da miksa ɗaya, da wata tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya mutu tun tuni, sai an jona ta da wuta take numfashi. Daga Zango zuwa Birni, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, babu unguwar da adaidaita ba ta kai kayan nan ba. Shekara tara ina wannan aiki, kuma duk tsawon lokacin na ɗauka gwaninta a yawan waƙoƙi take, wanda ya fi cika kati shi ne babban dije. Wata takwas da suka wuce ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya same mu a fada da dare, ya karɓi wayata, ya buɗe mini wani gidan rediyon Landan mai suna Rinse FM. Ya ce, "Yaya, kai da kake cika baki ka iya haɗi, saurari wannan ka gaya mini inda waƙa ta ƙare da inda wata ta fara."

Har aka sauke shayi na biyu ban gano ba. Ina jin kiɗan ya canza, amma ban ji lokacin da ya canza ba, kamar ɗinkin telan da ya ƙware, ka juya riga ciki da waje ba ka ga bakin zare ba. Abin ya ba ni haushi, kuma haushin ne ya sa na ci gaba da saurare har yau.

Ga wanda bai san shi ba, gidan rediyo ne na kiɗan rawa irin na matasan birni. A Landan ana kama shi a mita 106.8 FM, mu kuwa nan sai ta intanet, ko a shafinsu ko a manhajarsu ta waya. Ba a biyan ko dala, forfenka kawai yake ci. A lissafin wayata awa guda tana lashe kusan mega 60, don haka na fi saurare bayan sha biyun dare, lokacin da forfen dare ke aiki kuma rezo ya ɗan sarara. Suna ajiye shirye-shiryen da suka wuce a shafinsu da kuma SoundCloud. Wannan ya fi mini amfani a kan na kai tsaye, domin rezon unguwarmu ba ya da alƙawari, yakan tsinke daidai inda kake jiran ka ji yadda mutum zai shigo da waƙa ta gaba. A ajiyayyen shiri kuwa sai ka ja baya ka sake ji sau goma.

Tarihin gidan ne ya fara sa na ji kamar na san mutanen. A 1994 wasu matasa na gabashin Landan, cikinsu har da Geeneus da Slimzee, suka kafa shi ba lasisi ba izini. Rediyon sata ke nan. Yadda irin waɗannan gidaje suke aiki a lokacin akwai wayo a ciki: ɗakin da ake saka kiɗa daban, na'urar watsawa daban. Sai a hau rufin wani dogon bene na gidajen talakawa da tsakar dare a kafa eriya da na'ura, sauti kuma a riƙa harbo shi daga wani ɗaki can nesa. In hukuma ta bi sawu ta zo, na'urar kan rufi za ta samu ta kwashe, masu kiɗan suna wani wuri. Kafin a jima sun haɗa kuɗi sun sayi wata sun kafa. Masu gabatarwar ma ba albashi ake ba su ba, su ne ke biyan ɗan kuɗi don a ba su fili. Shekara 16 Rinse ya yi a haka.

A 2005 aka kama Slimzee, kotu ta hana shi hawa rufin duk wani gini da ya wuce hawa huɗu a yankin Tower Hamlets. Da ƙanena ya karanta mana wannan a fada sai da aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Wani abokinmu ya ce in a Damagaram ne ai wannan ba hukunci ba ne, gini nawa gare mu da ya wuce hawa huɗu? Mutum ya ɗauki eriyarsa ya haye duwatsun Birni, alƙali bai ce komai a kan dutse ba.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne maganar bip. A zamanin satar, akwai wayar salula a ɗakin kiɗa. In waƙa ta yi wa masu saurare daɗi sai su riƙa yi wa lambar bip, ba kira ba, don kada kuɗi su tafi. Bip ya yi yawa, dije ya tsayar da faifai ya murɗa shi baya, a sake daga farko, mai riƙe da makirfo kuma ya gaida masu bip ɗin da lambobi ukun ƙarshe na wayarsu. To wane ne a cikinmu bai san wannan ba? Mu da muka tashi da katin gaisuwa a gidajen rediyonmu, ana karanto sunan mutum da na unguwarsa da na fadarsu, ya kwana yana jin shi wani ne. Ashe talaka ko a Ingila yake, dabararsa ɗaya ce da tamu.

Kiɗan gidan ya yi ta sauya riga. Sun fara da jungle, mai gudun tsiya, bugu sama da 160 a minti. Daga baya suka koma garage, wanda ya fi sanyi, wajen 130. A farkon shekarun 2000 kuma grime ya fito daga cikin waɗannan ɗakunan, bugu 140 a minti, kiɗa busasshe mai kaushi, samari na karɓa-karɓar makirfo suna zuba baiti a kai. Wiley da Dizzee Rascal duk a nan suka goge muryarsu, kuma a 2003 Dizzee ya ci kyautar Mercury, wadda ke cikin manyan kyaututtukan waƙa na Birtaniya, alhali gidan da ya rene shi hukuma na farautarsa. Dubstep ma ta nan ya samu kafa, ta hannun irin su Kode9 da Skream da Youngsta. Wata mata, Sarah Lockhart, wadda ke cikin masu shirya daren rawa na FWD>>, ta taka rawa sosai wajen neman lasisi. An ba su a watan Yunin 2010, suka fara watsawa da izini a Fabrairun 2011. A 2014 suka buɗe reshe a Paris, a 2023 kuma tsohon gidan jungle na Kool FM, wanda ya girme su da shekara uku, ya dawo ƙarƙashinsu.

Na kawo wannan duka ne saboda shi ya bayyana mini abin da kunnena ke ji. Gidan da aka gina da kuɗin aljihun masu gabatarwa, kowa ya zo da jakar faifansa, har yau wannan ɗabi'ar ba ta bar shi ba. A yawancin shirye-shiryen, musamman na dare, kana ji ka san mutumin ne ya zaɓi abin da yake sakawa, ba wani jeri aka miƙo masa daga ofis ba. Awa ɗaya ko biyu ake ba kowa, sai wani ya karɓa, kuma da ya karɓa gidan ya zama wani gida. Shi ya sa ba a cewa "ina son Rinse" a tsaya nan, sai an tambaye ka na wa.

Ni dai Slimzee ne malamina, ko da bai san ina duniya ba. Tsoffin shirye-shiryensa na bi. Ba ya da yawan magana, hannunsa ke yi. Yakan bar waƙa biyu su yi tafiya tare na ɗan lokaci, ya janye gangar ƙasa ta ɗaya ya shigo da ta ɗayar, kafin ka ankara an sauya maka doki kana kan sirdi. Uncle Dugs kuma akasinsa ne, ya yi shekaru yana shirin ranar Juma'a na tsofaffin faifan jungle, mutum ne mai surutu da raha, yana hira da tsoffin ƴan harka kamar dattijon da ke ba da labarin kokawar da. Rabin abin da yake faɗa ba na ganewa, amma dariyarsa ba ta buƙatar tafinta. Akwai kuma Julie Adenuga, wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, ƙanwar mawaƙan grime Skepta da JME. A nan ta yi suna kafin gidan rediyon kamfanin Apple ya ɗauke ta a 2015. Maya Jama ma ta bi ta gidan kafin ta zama tauraruwar talabijin. Ba a maganar Katy B, mawaƙiyar da kamfanin faifan Rinse ɗin kansa ya fito da ita. Na yanzu suna da yawa, sunayen ma ba su zauna mini ba tukuna. Cikinsu na fi bin masu saka amapiano da afro house, don su ne kusa da abin da ƴan matan biki ke tambayata.

Reshen Paris ya ɗan fi sauƙi ga wanda ya yi lakkwal a nan, tunda in sun yi magana da Faransanci suke yi. Sai dai kiɗansu ya fi karkata ga tekno da house, kuma ni bayan minti ashirin na tekno sai in ji kamar ina zaune kusa da injin markaɗe.

Maganar inji ta tuna mini da abin kunyar da na jawo wa kaina. Wata biyu da fara saurare, kaina ya kumbura. A wani wuni a Garin Malam, bayan la'asar, fili ya cika, mata sun yi anko, ana ta liƙi, sai shaiɗan ya raya mini in gwada musu grime na minti ɗaya kacal. Wallahi kamar an zuba ruwa a wuta. Masu rawa suka tsaya cak, kowa na kallon kowa. Wata gwaggon amarya ta taso da mayafinta a kafaɗa, ta tsaya gaban teburina ta ce, "Ɗan nan, na'urar taka ce ta lalace ko kuwa kai ne?" Na ce, "Ki gafarce ni, Hajiya, hannuna ne ya goce." Ta ce, "To ka riƙe shi da kyau, jikka goma sha biyar muka ba ka, ba don ka kira mana aljanu ba." Na maida musu waƙar amarya, fili ya dawo. Laifin nawa ne, ba na kiɗan ba. An yi shi don samarin da suka tashi a benayen unguwar Bow ta gabashin Landan cikin sanyi da hazo, ni kuma na kai shi tsakar gidan da ake guɗa.

Daga ranar na gane abin da zan ɗauka da wanda zan bari. Waƙoƙinsu ba za su yi mini aiki ba, in ban da amapiano nan da can. Hannun nake ɗauka. Na koyi ƙirga bugu kafin in saka waƙa, na jera kayana bisa gudunsu maimakon bisa sunan mawaƙi, na daina yanke waƙa tsakiyar baiti ina ihu a makirfo don in rufe ɓarakar. Wahalar da na ci karo da ita, wadda babu wani dijen Landan da zai warware mini, ita ce yawancin kiɗansu ƙafa huɗu-huɗu yake tafiya, da yawa daga cikin namu na biki kuwa, masu kalangu a ciki, uku-uku suke rangaji. In ka ɗora wannan kan wancan sai su riƙa taka wa juna ƙafa. Dole ka haɗa namu da namu, ko ka nemi inda kiɗa ya yi shiru murya kaɗai ta rage ka tsallaka ta nan.

Abubuwan da za su iya gundurar mutum kuwa akwai su. Turancinsu na titi ne, ga sauri, ƙanena mai jami'a ma yakan ce a maimaita. Wanda ya saba da rediyonmu, inda mai gabatarwa zai yi sallama ya gaida sarki da malamai da ƴan kasuwar Dole kafin ya saka komai, zai ji kamar an shigo masa gida ba sallama. Ba kuma abin da za ka ƙure a gaban manya ba ne, tunda ba kowane baiti ka san me ya ƙunsa ba. Sai maganar agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, amma da hunturu suna maida agogonsu baya da awa guda, shirin ƙarfe tara ya koma ƙarfe goma a wurinmu. Ban san da haka ba, na yi mako biyu ina zaton an kori mutumina daga aiki.

In kai mai son waƙar soyayya ne da za ka bi baitinta kana tuƙa kabu-kabu, kada ka ɓata forfenka. In kuwa kana saka kiɗa, ko kana haɗa sauti a ɗan sutudiyo, ko kana rap, ka ba shi dare uku kafin ka yanke hukunci, kuma ka fara da ajiyayyun shirye-shirye, ka sa abin ji a kunne, don sifikar waya ba ta fitar da gangar ƙasa, ita ce kuwa rabin zancen.

Makon jiya na rama wa ƙanena. Na haɗa waƙoƙin biki guda biyu na Hausa a kwamfuta, na tura masa, na ce ya nuna mini bakin zaren. Ji na farko bai gano ba. A na biyu ya tsayar daidai wurin, ya ce, "Nan ne, Yaya. Kalangun farko bai gama magana ba ka shigo da na biyu."