Kolibri a Ajin Firamare: Inda Take da Amfani da Inda Take Ba da Wahala

Kolibri manhajar kwamfuta ce ta koyarwa da ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta fitar a 2017. Kyauta ce, kuma an gina ta ne domin makarantun da ba su da intanet.

Haɗa ta ba wuya. Ana buƙatar kwamfuta ɗaya a matsayin uwar garke, wato wadda za ta ajiye darussan ta raba wa sauran na'urori, ko tsohuwar laftof ko ƙaramar kwamfutar da ake kira Raspberry Pi, sai rauta mai ba da wifi, sai tablet ɗin da yara za su riƙe. A sa manhajar a uwar garken, a kai ta inda akwai intanet sau ɗaya a sauke darussa, ko a kwafo su a filash daga makarantar da ta riga ta sauke. Bayan haka rautar ba ta buƙatar data, aikinta kawai haɗa na'urorin ajin. Yaro zai buɗe burauza ya shiga adireshin uwar garken, misali 192.168.1.5:8080, shi ke nan.

A wannan adireshin ake fara samun matsala. Idan aka ɗauke wuta, rautar ta sake tashi, takan ba uwar garken sabuwar lamba, sai duk tablet ɗin su kasa buɗe shafin, malami ya ɗauka abin ya lalace. Tun ranar farko a shiga saitin rautar a ƙayyade wa uwar garken lamba ɗaya. Mai amfani da Raspberry Pi 4 ya ba ta caja mai volt 5 da amp 3, ya jona ta da batir ko sola, domin mutuwar bazata tana iya lalata memorin da komai ke ciki. Wifi ɗin jikinta kuma ba ya ɗaukar aji guda yana kallon bidiyo lokaci ɗaya.

Kayan karatun suna da yawa: lissafin Khan Academy, gwaje-gwajen kimiyya na PhET, da littattafan African Storybook, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. Sai dai mafi yawansu da Turanci suke, kuma ba a jera su bisa manhajar karatun firamare ta Najeriya ba. Ɗan aji biyu da bai gama kama Turanci ba zai zuba wa bidiyon ido shiru, kamar yana fahimta, alhali hotunan kawai yake bi. Shirun nan yana ruɗar malamai da yawa. Raba na'ura kaɗai ba ya isa: ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan laftof ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba.

Inda Kolibri ta ciri tuta shi ne ɓangaren malami. Zai iya buɗe aji, ya raba yara rukuni-rukuni, ya zaɓo abu uku ko huɗu ya haɗa darasi, ya biyo da gajeren gwaji. Rahoton zai nuna masa wa ya gama, wa ya tsaya, kuma wace tambaya ce ta kayar da yawancinsu. Idan rabin aji sun faɗi a kan ragi mai aro, gobe a koma allo da shi. Malamin da ya saki yara su yi yawo cikin ɗakin karatun manhajar ya zubar da wannan damar, yara za su yi ta tsalle daga bidiyo zuwa bidiyo har a kaɗa ƙararrawa.

Ga ƙananan azuzuwa a kunna saitin shiga ba tare da kalmar sirri ba, in ba haka ba rabin lokacin darasi zai tafi wurin "Malam, na manta". A kuma lura: idan yara uku suna kan tablet ɗaya, rahoton sunan ɗaya zai ɗauka, kuma mai wayon cikinsu ne zai yi ta dannawa. Aji mai yara 60 da tablet 20 gara a kasa shi uku, kashi ɗaya na kan na'ura, biyu na aikin littafi, a riƙa juyawa. Kowace tablet a haɗa ta da abin saurare na kunne, kuma a ware wa malamin awa ɗaya a mako ta zaɓen darussa kafin a sayi ƙarin na'ura ko ɗaya.