Hattara da mai sayar da katin Ashen na N-Gage

Jama'a, duk wanda ya ga wani yana tallar katin wasan Ashen na wayar N-Gage, wai sabo fil a kwalinsa, ya riƙe kuɗinsa. Ni ya ci nawa, kuma na gano ba ni kaɗai ba ne.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa babban mutum zai biya kuɗi a kan wannan tsohon kaya ba. Nokia ta fitar da N-Gage a watan Oktoban 2003, waya ce kuma abin wasa ce, wadda in za ka amsa kira sai ka kafa gefenta a kunne kamar ka ɗora rabin faranti. In za ka canza wasa sai ka buɗe baya ka cire batir, sai da sabon samfurinta, N-Gage QD, ya fito a 2004 aka huta da wannan wahalar. A shekarar ne kamfanin Torus Games na Ostareliya ya yi Ashen, wasan harbi da kake kallon komai ta idon ɗan wasan, bakin bindiga kawai kake gani a gabanka. Kai ne Jacob Ward, kana kutsawa cikin Seven River City da dodanni suka mamaye kana neman 'yar'uwarka. Mu huɗu mukan haɗa ta Bluetooth a ƙofar gida bayan isha'i har batir ya mutu. Da wannan kewar mutumin nan yake kama mutane, ya kuma san ta kan sana'arsa.

Ga yadda muka yi. Na ga tallar a wani zauren saye da sayarwa, na yi masa magana. Ya ce ragowar kayan wani shago ne da aka rufe tun da daɗewa, guda uku suka rage, kuma wani daga Kaduna yana hanya. "Yallaɓai, sa kafin alƙalami in ajiye maka." Na tura dubu goma. Washegari ya ce kuɗin mota, na ƙara uku. Da ya ga alat sai ya turo lambar wani wai direba. Kaya kam sun iso tasha, nan ne ma wayonsa yake, domin wanda ya karɓi ƙunshi a hannu ba ya saurin cewa an cuce shi. Na cika sauran dubu goma sha biyu kafin in buɗe.

Babu kwali. Memori ne na MMC irin wanda muke sa wa tsofaffin Nokia, an buga hoto a takarda an manna masa da gam, har gefen ya fara ɗagowa. Na sa shi a kwamfuta, sai ga wasanni shida a ciki, da waƙoƙi, da hotunan bikin wasu bayin Allah da ko gogewa bai yi ba. Katin asali wasa ɗaya ne a kansa. Tun makonnin farko da N-Gage ta fito aka fasa makullin wasanninta, ana kwafa a memori ana bugawa har a wasu wayoyin da suke aiki da manhajar Symbian kamar ita, yawancinmu ma da irin wannan muka taso. Wato abin da masu cajin waya suke tura mana da ɗan canji shi na saya dubu ashirin da biyar.

Da na koma na duba tallar da idon basira sai kunya ta kama ni. Hotunan da ya sa masu faɗi ne, tar da su. Allon N-Gage kuwa tsaye yake, ɗigon hoto 176 a faɗi, 208 a tsayi, komai dishi-dishi. Hotunan na wani wasa ne daban mai suna Ashen da ya fito a 2018, na gatari da mashi, ko alaƙa babu.

Akwai kuma kashi na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro. Wanda ya ce ba shi da wayar, sai ya ce masa ya biya dubu biyu a turo masa manhajar da za ta buɗe wasan a Android. Wani abokin ƙanina ya sauke, tana buɗewa ta nemi izinin karanta saƙonninsa, inda lambobin sirrin banki suke shigowa. Me wasan harbi zai yi da saƙonninka? Allah ya taimake shi ya goge. Manhajar da take buɗe wasannin N-Gage da gaske, EKA2L1, kyauta ce.

In dai sai ka saya, ka ce ya yi kiran bidiyo, ya juya katin gaba da baya, ya sa a waya ya kunna kana kallo. Kuɗi kuma sai kaya a hannun wani naka da ke garin. Sunan asusun da ya ba ni daban ne da sunan da yake talla da shi, na gani kuma na kau da kai. Na kai ƙorafi banki da rasit ɗin turawa, ina jira. Shi kuwa ya toshe ni, amma jiya an nuna min tallar ta sake fitowa da sabon suna, katin nan dai guda uku suka rage.