Irin wake na SAMPEA 10 a tsakanin dawa: yana biya, amma sai an sauya tsarin kunya

Haɗa dawa ko gero da wake a gona ɗaya gado ne a ƙasar Hausa, kuma hikimarsa a bayyane take, domin idan damina ta yi gardama ta hana ɗaya, sau da yawa ɗayan yakan tsira, sannan saiwar wake tana mayar wa ƙasa ƙarfin da hatsi ke tsotsewa. Abin da ya daɗe yana karya gwiwar manoma shi ne wuta-wuta, wadda ke manne wa saiwar wake ta tsotse shi tun kafin ya yi fure. Saboda ita na koma ga irin SAMPEA 10, wanda masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, suka samar, aka kuma amince da shi a Najeriya a shekarar 2008.

A kan wuta-wutar wake, irin ya cika alkawari. A gonar da waken gida ke yin ja ya tsumbure, shi yakan tsaya kore shar, ya nuna cikin kimanin kwana 75, wanda hakan babban rufin asiri ne a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Sai dai mai saye ya sani cewa wuta-wutar da ke cin dawa daban ce, kuma wannan iri ba maganinta ba ne.

Inda mutane da yawa ke yin asara shi ne wajen shuka. SAMPEA 10 tsaye yake tashi, ba ya yaɗo kamar waken gida irin su ɗan'ila ko kanannado, don haka idan aka cusa shi jefi-jefi a ƙarƙashin doguwar dawa irin kaura yadda aka saba, inuwa takan danne shi, manomi kuma ya zargi irin alhali tsarin ne bai dace ba. Tsarin da ya karɓe shi shi ne kunya 2 ta dawa, kunya 4 ta wake, ta yadda rana za ta sauka a kansa, mai feshi ya samu hanyar wucewa, sannan a shekara mai zuwa a musanya wuraren domin dawa ta ci moriyar ƙasar da waken ya gyara. Feshi kuwa wajibi ne daga lokacin fure, saboda irin ba ya jure tsutsar da ke huda kwanso.

Yana da rauni biyu da ban ɓoye ba. Harawarsa ba ta kai ta waken gida yawa ba, abin da mai awaki da tumaki zai ji a jikinsa da rani, kuma ƙwayarsa fara ce matsakaiciya, alhali kasuwa ta fi ɗaukin manyan ƙwaya. Shi ya sa nake barin gefe guda na gona ga waken gida, nake kuma shawartar mai saye ya guji irin da ake aunawa da tiya a kasuwa, ya nemi ƙullin da ke ɗauke da takardar shaidar hukumar kula da irin shuka ta ƙasa.